Doki da Fadama: Rundunar Haɗeja a Ƙarni na 19

Gabatarwa

Duk wanda ya kalli hawan salla a Haɗeja, ya ga barade da 'yan lifidi, zai iya ɗauka cewa mahaya zalla ne suka yi yaƙe-yaƙen wannan masarauta. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ko a zamanin Sarki Buhari, lokacin da dokin Haɗeja ya kai ƙololuwar ƙarfinsa, ba a taɓa tsayar da runduna a kan doki shi kaɗai ba, kuma kogin da ya ciyar da dokin shi ne ya yanke masa iyaka.

Abin da Doki Ke Ci

Yaƙi a kan doki tsoho ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Amma mallakar kayan ba ita ce wahalar ba, riƙon dabbar ne. Ingarman yaƙi ba ya kiwo kamar saniya. A barga yake, ana kawo masa ciyawa da harawa, ana ba shi dawa ko gero da kanwa, ana shayar da shi. Watau kowane doki yana da mai yankan ciyawa da mai kula da shi, ga zagi in mai shi babba ne. Bayan waɗannan akwai badukun da ke ɗinka sirdi, da maƙerin da ke ƙera linzami da likkafa da mashi.

Ta wannan fuska Haɗeja ta yi sa'a. Kogin yana malala da damina, in ya janye sai ya bar fadamu masu ɗanyar ciyawa da ruwa har cikin rani, lokacin da tudu ya bushe. Har ila yau masarautar tana daf da Barno, inda manyan dawaki ke fitowa. Sarki ne ke raba doki da kayan yaƙi ga barorinsa da bayinsa, saboda haka wanda ya hau dokin sarki ya san inda biyayyarsa take. Kuma da bayin da aka kamo a wannan hari ake sayen dokin harin gaba.

Zamanin Buhari

Buhari ɗan Sambo ya hau sarauta a 1848. Bayan ya kashe Sarkin Auyo, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1850, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya nemi goyon bayan Barno, ya komo ya ƙwace garin a 1851. A wannan shekarar ne Heinrich Barth ya bi hanyar Kano zuwa Kukawa ta Gumel, ya kuma rubuta irin firgicin da hare-haren Buhari suka jefa mutane a ciki. Barth ɗin ne ya kimanta dawakin Kano da kusan 7,000, adadin da Haɗeja ba za ta iya tarawa ba. Duk da haka, a Gamon Kaffur na 1853, Buhari ya shammaci rundunar da ta haɗa mayaƙan Kano da na wasu masarautu, ya tarwatsa ta.

Wannan nasara ta nuna amfanin doki na ainihi: sauri, da shammata, da kora bayan an karya abokan gaba. Ɗan lifidi yakan keta sahu, domin audugar da ke jikinsa da jikin dokinsa tana tare kibiya, amma nauyi da zafi suna saurin gajiyar da shi, wuta kuma tana cin lifidi. Barade masu sauƙin kaya su ne na hari da leƙen asiri. Dukansu suna bukatar dakaru da 'yan baka su riƙe fage, su tsare sansani, su hau ganuwa.

Iyakar Doki

Iyaka ta farko ita ce damina. In fadama ta cika, ƙafar doki takan nutse a taɓo, ƙudaje su dame shi, dakarun kuma suna gona. Shi ya sa rani ne lokacin yaƙi. Ta biyu ita ce ganuwa. Badawa, waɗanda ke zaune a fadamun gabas, sun san wannan sarai, suka kewaye Gogaram da ganuwa. A can ne kibiya ta sami Buhari a 1863, ta zama ajalinsa. Sarkin da rundunar masarautu ta kasa, maharbi a bayan ganuwa ya tsayar da shi.

Iyaka ta uku ta zo ran 25 ga Afrilu, 1906, sa'ad da sojojin Ingila suka auka wa Haɗeja da bindigogi masu ruwa da igwa. Lifidin da ke tare kibiya bai tare harsashi ba. Sarki Muhammadu ya tsaya ya yi yaƙi cikin garinsa har aka kashe shi tare da manyan mayaƙansa da dama, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada.

Kammalawa

Makaɗa da maroƙa sun adana mana sunayen mahaya, amma ba su kula da mai yankan ciyawa ba, alhali in babu shi babu barde. Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa malamai da ɗalibanmu ita ce, mu shiga gidajen dukawa da maƙera da zuriyar zagage a Haɗeja da Auyo, mu ɗauki abin da suka ji daga kakanninsu tun dattawan suna raye. Da wannan ne za mu san ko mutum nawa ke tsaye a ƙasa kafin mutum ɗaya ya hau.