Yadda Sabon Kasuwanci Yake Kafuwa a Ƙasar Kano: Daga Fataucin Goro Zuwa Cinikin Gyaɗa

Gabatarwa

Birnin Kano ya daɗe da shahara a fagen ciniki, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) wanda aka kafa Kasuwar Kurmi a lokacinsa. To amma ba duk wanda ya shiga kasuwa ne ya daɗe a cikinta ba. Da yawa sun fara, jarinsu ya karye, suka koma gona, yayin da wasu ƙalilan suka kafa gidajen da suka kai har jikoki. Wannan maƙala za ta duba dalilan hakan daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, tare da kawo misalin gidan Alhaji Alhassan Ɗantata.

Tsarin Maigida da Yaran Gida

A ƙarni na 19 babban fataucin da Kanawa suka riƙa shi ne na goron Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi yin fice a kansa. Sukan ɗauki kanwa da tufafi da jemammun fatu a kan jakuna zuwa kasuwar Salaga, a cikin ƙasar Gana ta yanzu, su sayo goron da ake kawowa daga kurmin Asante. Tafiyar takan ci watanni, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga harajin sarakunan da ake ratsa ƙasashensu, sannan goro kaya ne mai saurin lalacewa idan ba a kula da huhunsa ba.

Saboda haka babu mai fara wannan sana'a shi kaɗai. Matashi yakan shiga ne a matsayin yaron wani attajiri, yana korar jakuna yana koyon hanya da farashi. Idan maigida ya gamsu da riƙon amanarsa, sai ya ba shi kaya bashi, ko ya ware masa jari su riƙa raba riba. Yana tafiya a cikin ayari ƙarƙashin madugu, wanda yake sasantawa da sarakunan hanya. A kowane zango kuma akwai fatoma, wato mai masauki, da zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Idan asara ta faɗa wa yaro a tafiyar farko, gidan ne yake ɗauke nauyin, ya sake ba shi dama. Ta haka sabon falke yake tsallake shekarun farko, waɗanda a cikinsu ne mafi yawan sana'o'i suke mutuwa.

Sauyin Hanya da Zuwan Jirgin Ƙasa

Ƙarshen ƙarnin ya zo da jarrabawa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta ɗaiɗaita gidaje da dama, sannan Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ɗaukar kaya a 1912. Daga nan kayan Turai suka riƙa zuwa ta Ikko cikin rahusa, fataucin Sahara da Larabawan Tarabulus da Gadamas suke riƙe da shi ya yi ta ja da baya.

Turawa sun yi fatan jirgin zai riƙa kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kuɗi kuma ana iya cin ta idan shekara ta yi tsanani. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, sai dai ba su san manoma ba. Fataken goro su ne suke da yara a ƙauyuka da kuma mutunci a wurin jama'a. Don haka kamfanonin suka riƙa ba attajirai irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu su shiga karkara sayen gyaɗa. Tsohon tsarin maigida da yaransa bai mutu ba, haja kawai ya sauya.

Misalin Alhassan Ɗantata

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara, babban birnin Gana a yau, ta bar shi a hannun wata dattijuwa da ake kira Tata, wadda daga gare ta ya samo laƙabinsa. Wato bai tashi da wata babbar dukiya a hannu ba, abin da ya gada shi ne sunan gida da sanin hanyar Gwanja.

Abu na farko da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne saurin gane cewa zamanin ayarin jakuna ya wuce. Yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gana zuwa Ikko, daga baya kuma jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano. Ya haɗa da sayar da duwatsun wuya da yadudduka na Turai. A 1918 kamfanin Neja ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa, ya baza yaransa a ƙauyuka, cikin 'yan shekaru ya zama babban mai kawo wa kamfanin kaya. An ruwaito cewa a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 a reshen Bankin Ingila na Afirka ta Yamma da ke Kano.

A wannan shekara ce kuma kasuwannin duniya suka karye, farashin gyaɗa ya faɗi ƙwarai, masu saye da dama suka durƙushe da bashin kamfanoni a wuyansu. Ɗantata ya tsira domin bai jingina da haja ɗaya ba. Yana cinikin goro da shanu da hatsi da tufafi, kuma an san shi da tsimi da bin diddigin lissafi. Kafin rasuwarsa a ranar 17 ga Agusta 1955, ya haɗa harkokinsa a ƙarƙashin kamfanin Alhassan Dantata & Sons, domin kada rabon gado ya wargaza jarin kamar yadda ya faru da gidajen attajirai da yawa.

Bayan Gyaɗa

Ita ma gyaɗar ba ta dawwama ba. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta auka wa amfanin a 1975, da karkatar gwamnati ga man fetur, sun kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Masu saye da ba su san wata sana'a ba sun bi ta. Gidan Ɗantata kuwa ya riga ya shiga sufuri da gine-gine da masana'antu a hannun 'ya'yansa, irin su Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu, wanda ya rasu a 2025. Alhaji Aliko Ɗangote, jikan Alhaji Sanusi ta wajen uwa, shi ma ya fara kasuwancinsa a 1977 da rancen da ya samu daga dangin mahaifiyarsa, wato dai bisa tsohuwar al'adar nan ta ba yaron gida jari.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa yawan jari ba shi ne yake raya sabon kasuwanci a ƙasar Kano ba. Abin da yake raya shi shi ne samun maigidan da zai koyar kuma ya tsaya wa mai farawa, da riƙon amanar da take sa a sake ba shi bashi, da kuma shirin barin tsohuwar haja idan kasuwarta ta mutu. Har yanzu ana ganin wannan tsari a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, inda yaron shago yake shekaru yana hidima kafin a sallame shi da jari. Ya kamata hukumomin da suke raba wa matasa tallafin kuɗi su lura da wannan gado, domin a tarihin Kano koyo da amana ne suke zuwa da farko, jari ya biyo baya.