Yadda nauyin gas ya hau kan masu gidajen haya a Birtaniya

Duk wanda ya taɓa kama haya a Ingila ya san takardar nan da ake kira CP12. Sau ɗaya a shekara wani ma'aikaci zai ƙwanƙwasa ƙofa, ya duba murhu da tukunyar ɗumama gida da bututun da hayaƙi ke fita, ya cike takarda, ya tafi. Ɗalibanmu da yawa jefa ta suke cikin durowa. Ni kuwa ina ganin girmanta, domin an yi asarar rayuka masu yawa kafin a same ta.

Gas ya fara shiga gida ne don haske. A 1792 William Murdoch ya haska gidansa da ke Redruth da iskar da ya samo daga kwal, a 1807 aka kunna fitilun gas a titin Pall Mall na Landan, a 1812 kuma aka kafa kamfanin Gas Light and Coke. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 har gidajen talakawa sun samu, ta hanyar mitar da ake jefa wa kwabo. Sai dai wannan gas na kwal ɗauke yake da gubar kabon monoksaid. Ko ba a kunna wuta ba, yoyo kaɗai ya isa ya kashe mai barci.

Bayan an gano gas a ƙarƙashin Tekun Arewa a 1965, sai aka bi gida-gida daga 1967 zuwa 1977 ana sauya kayan girki da na ɗumama ɗaki don su dace da sabon gas ɗin. Sabon gas ba shi da waccan guba a jikinsa, amma idan bai ƙone sosai ba, ko bututun hayaƙi ya toshe, gubar takan taru a ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka mura ce, ya ja bargo.

Abin da ya girgiza ƙasar ya faru ranar 16 ga Mayu, 1968. A benen Ronan Point da ke gabashin Landan, mai hawa 22, wata mata a hawa na 18 ta ƙyasta ashana da sassafe za ta dafa shayi. Gas ya riga ya cika ɗakin saboda mahaɗar murhun tana yoyo. Fashewar ta ture bango, kusurwar ginin gaba ɗaya ta rufta, mutum huɗu suka mutu nan take. Bincike ya fi ɗora laifi a kan yadda aka yi ginin, amma kowa ya ga haɗarin barin duk wanda ya ga dama ya taɓa bututun gas. A 1970 aka kafa CORGI don rajistar masu wannan sana'a. Abin da ke ba ni takaici shi ne, shiga rajistar ganin dama ne har zuwa 1991, wato an ƙara shekara ashirin da wani abu ana kallon ruwa kwaɗo na yi wa mutane ƙafa.

Dokar gas ta 1994 ce ta fara wajabta wa mai gidan haya duba kayan gas duk shekara, ta 1998 kuma ita ake aiki da ita har yau. Dalilin a fili yake. Ɗan haya bai sayi tukunyar ba, bai san shekarunta ba, ba shi da ikon sauya ta, sau da yawa ma tsoron yin ƙorafi yake kada a ce ya kwashe kayansa. Wanda ke karɓar kuɗin haya shi ke da iko, saboda haka shi aka ɗora wa nauyin. Dole ya kula da bututu da kayan gas ɗin da ya sa a gidan, ya kira ma'aikaci mai rajista cikin kowane wata 12, ya ba ɗan haya kwafin takardar cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuwa tun kafin ya tare. Ya kuma adana ta shekara 2. Ba ya iya rubuta wa ɗan haya a yarjejeniya cewa wannan aikinsa ne. Wanda ya saɓa, hukumar kula da lafiya da tsaro, wato HSE, tana iya gurfanar da shi, kuma akan ci tara, akan ɗaure.

A Afrilun 2009 Gas Safe Register ta maye gurbin CORGI, kowane ma'aikaci yana da katin shaida da ɗan haya ke da damar cewa a nuna masa. Daga Oktoban 2022 kuma, a Ingila, dole mai gida ya sa na'urar da ke yin ƙara idan ta ji gubar kabon monoksaid a duk ɗakin da ke da tukunyar gas, ban da murhun girki. Wannan togiyar ba ta kwanta mini ba, domin na ga ɗakunan ɗalibai inda murhu da gado suke ɗaki ɗaya, tagar kuma a rufe take tun daga Nuwamba har Maris.