Bardenas Reales: hamadar yumɓun da sarki ya sayar da cin moriyarta don kuɗin yaƙi

Direban da ya bar birnin Tudela a arewacin Sifen ya bi ta ƙauyen Arguedas, da ya sauka daga kwalta sai gonaki su ɓace, ƙasa ta koma fara fat. Ya shigo Bardenas Reales ke nan, fili mai faɗin hekta wajen 42,000 a lardin Nabara.

Abin da ke sa kowa taka birki shi ne Castildetierra, wani tulin yumɓu mai faɗin gindi da siririn wuya, ɗauke da faifan dutse a ka kamar mai talla. Ruwan sama ba ya yawan sauka a nan, amma in ya zo, da fushi yake zuwa. Ya kwashe yumɓu mai laushi, iskar arewa da suke kira cierzo ta share sauran. Inda dutse ya rufe ne kaɗai ke tsira. Ranar da faifan ya faɗo, tulin ya gama yawo.

Mai kallon wurin zai ce ba abin da za a yi da shi. Makiyaya ba su yarda ba. Tun zamanin da Tudela ke hannun Musulmi, kafin a ƙwace ta a 1119, mutanen kwarin Roncal ke da izinin sarakunan Nabara na kiwo a nan. A 1705 Sarki Felipe na Biyar na Sifen, wanda yaƙin gadon sarauta ya cinye wa aljihu, ya karɓi kuɗi ya bar wa al'ummomi 22 cin moriyar filin har abada: garuruwa 19, kwaruruka 2 da gidan ibadar La Oliva. Har gobe, ranar 18 ga Satumba dubban tumaki ke gangarowa daga tsaunukan Firenis su yi hunturu.

Sai kuma abin mamaki. A tsakiyar wurin da UNESCO ta sa cikin keɓaɓɓun wurarenta a 2000, akwai filin da jiragen yaƙi ke gwajin harbi tun 1951. Wasu na zanga-zanga duk shekara, al'ummomin kuwa na karɓar kuɗin haya. Hanyar burjin da masu yawon buɗe ido ke bi ma, zagaye filin sojan take yi.

Mai niyyar zuwa ya duba sama tukuna. In an yi ruwa yumɓun kan riƙe taya, kuma dole a fita kafin faɗuwar rana.