Zangon da ke Bayan Badala: Tarihin Filin Jirgin Saman Kano

Arzikin birnin Kano da ƙafar baƙo ya shigo. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda a mulkinsa aka kafa Kasuwar Kurmi, ayarin raƙuma daga Gadamas da Agadas da fataken goro daga Gwanja su suka raya cinikin birnin, kuma babu ayarin da ba ya ya da zango. Buzaye masu gishiri kan sauke kaya a Fagge, a bayan badala, su ɗaure dabbobinsu, sannan fatoma ya shiga da su gari ya haɗa su da masu saye. Madugu ba ya auna zango da tsawon katangarsa. Tambayarsa ita ce ko akwai ruwa, ko akwai aminci, kuma daga nan hanya ta miƙe zuwa ina. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano, wanda ke gaba kaɗan da wancan Faggen, shi ma zango ne, kuma da mudun madugu ya kamata a auna shi. A kan ƙafa biyu ya tashi, buƙatar baƙi da buƙatar 'yan gari. Ta farkon ta karye tuntuni, ta biyun ce ke ɗauke da shi har yau, sai dai gyaran zamani da aka yi masa ya fi mayar da hankali kan gini, ya bar hanyoyin da 'yan garin ke nema a baya.

Farkon lamarin na sojan Ingila ne. A watan Nuwamba na 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na rundunar sojan saman Ingila suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka ratso Sudan da yankin Tafkin Chadi suka sauka a Kano. Babu filin jirgi a lokacin, a filin wasan dawakin Turawa aka tare su. Sai a 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga ta yau da kullum tsakanin Khartoum da Kano, ya miƙa ta zuwa Legas a cikin shekarar, wanda shi ya sa ake lissafa filin Kano a matsayin mafi daɗewa a Nijeriya. Yaƙin duniya na biyu ne ya faɗaɗa shi. Da tekun Bahar Rum ya zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa sauke jiragen yaƙi a cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Darfur har Alƙahira. Daga 1940 dubban jirage suka bi wannan hanya. Abin lura shi ne hanyar ba sabuwa ba ce. Ita ce dai hanyar gabas da alhazan Kano suka shekara ɗaruruwa suna takawa da ƙafa.

Bayan yaƙi Kano ta zama mashaya. Jiragen farfela na wancan zamani ba sa iya tsallake Sahara su zarce kudancin Afirka da mai ɗaya, don haka BOAC na Ingila da KLM na Holan da Sabena na Beljiyam duk sai sun sauka a Kano kafin su wuce Legas ko Kwango ko Johannesburg. A 1957 aka buɗe sabon ginin saukar fasinja. Hotunan shekarun 1950 sun adana wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa: mutum a kan raƙumi, da rawani da babbar riga, ya ɗaga kakaki sama yana busawa idan jirgi ya doso, don masu ratsa filin da dabbobinsu su kauce. Kakakin da ba a busa wa kowa sai sarki, ga shi ana busa wa jirgi. Masu begen wancan zamani kan ɗauki wannan hoto su ce a lokacin ne Kano take Kano, duniya na sauka a ƙofarta dare da rana. Akwai gaskiya a maganarsu, amma ba duka ba. A tambayi waye fasinjan. Mafi yawansu Turawa ne masu wucewa, su sauko su sha iska na awa ɗaya ko biyu, su sayi jakar fata ko takalmi a hannun 'yan koli, su koma kujerunsu. Mutumin Koki ko Yakasai ko Madabo ɗan kallo ne, ko mai talla, ko lebura. Filin yana Kano, amma tafiyar ba ta Kanawa ba ce, kuma ɗaukakar da ta dogara ga ƙanƙantar tankin man wani tana da ranar ƙarewa.

Aikin Hajji ne ya mayar da filin na 'yan gari. Kafin jirgi, mai niyyar Makka kan raba gado, ya yafi mutane su yafe shi, domin tafiyar kan ci shekaru, ana tafe ana noma ko ƙwadago a hanya, wasu ma a Sudan suka zauna har zuriyarsu ta zama 'yan can. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Dantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda taƙaitaccen sunanta, WAPA, ya zama sunan unguwar 'yan canji da ke Fagge a yau. Da motoci suka fara, daga baya harkar ta koma sama. Tafiyar shekaru ta dawo ta sa'o'i, kuma daga 1975, da gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, jigilar ta zama aikin hukuma mai ɗaukar dubban mutane a kowace shekara. A nan ne Bakano ya san filin jirgi daga ciki, kuma sanin bai zo da sauƙi ba. Maniyyaci kan bar gida da kuka da addu'a, 'yan rakiya cike da motoci, ya isa sansanin alhazai ya tarar babu jirgi. A shimfiɗa tabarma, a kwana, a wuni, a sake kwana, kunne na kan lasifika ko za a kira lambar jirgi. Tsohuwar da ba ta taɓa fita daga Ƙofar Mazugal ba tana ƙanƙame da fasfo a ƙullin zane, tana tsoron ta je alwala a kira sunanta. A dawowa kuma sai jiran kaya: jaka mai dabino da bagaruwa da carbi da darduma, da galan na ruwan Zamzam, wani lokaci su iso bayan mai su da makonni. Duk da haka mutane suka riƙa zuwa, suna ƙaruwa, domin buƙatar tasu ce, ba aro suka yi ba.

Kusancin ya zo da makoki. Ranar 22 ga Janairun 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 da aka yi hayarsa daga kamfanin ƙasar Jodan, ɗauke da alhazai daga Jidda, ya karkato zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas, ya yi haɗari wajen sauka a cikin hunturu, mutum 176 suka rasu. Ranar 4 ga Mayun 2002 kuma jirgin kamfanin EAS da ya tashi zuwa Legas ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, unguwar da Malam Aminu Kano, wanda filin ke ɗauke da sunansa, ya zauna har rasuwarsa a 1983. Fiye da mutum ɗari suka rasu, cikinsu har da waɗanda ke zaune a ɗakunansu. Allah ya jiƙansu. Daga ranar babu mai cewa filin jirgi harkar masu kuɗi ce kawai, tunda gari ya riga ya kewaye shi, jirage na bi ta kan rufin mutane.

Raguwar baƙi ba dare ɗaya ta faru ba. Jirage masu dogon zango sun fara shigowa tun ƙarshen shekarun 1950, sannu a hankali dalilin tsayawa shan mai ya kau. Aka gina Abuja, gwamnati ta tare a can a 1991, jakadu da manyan ma'aikata suka bi ta. Kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, ya durƙushe a 2003. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda ke kawo injiniyoyi da dillalai daga waje, suka yi ta rufewa saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje. Ga hare-haren da aka kai wa birnin ranar 20 ga Janairun 2012, kuma a shekarar KLM ya daina zuwa Kano bayan fiye da shekara sittin. Amma a daidai wannan tsakani 'yan kasuwar Arewa suka shiga harkar da kansu: Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Dankabo tun farkon shekarun 1980, sai IRS na gidan Isyaku Rabi'u, sai Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, sai Azman. Ba don kallo suka zuba dukiyarsu ba. Sun ga alhazai da masu Umara da 'yan kasuwa, sun san akwai ciniki.

A kan wannan yanayi gyaran zamani ya zo. An yi wa tsofaffin gine-ginen kwaskwarima a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, sannan a 2013 gwamnati ta karɓi rancen dala miliyan 500 daga bankin China don gina sababbin wuraren saukar fasinjan ƙasashen waje a Abuja da Legas da Fatakwal da Kano, aka ba kamfanin CCECC aikin. Na Fatakwal da na Abuja aka buɗe a 2018, na Kano ya biyo baya. Wani zai ce ai wannan ci gaba ne a fili, me ya sa za a rage masa daraja? Ba a rage ba. Wanda ya san cunkoson tsohon zaure a watan Afrilu, fanka na juya iska mai zafi, mutane na turereniya a kan kaya, ya san darajar zaure mai sanyi da kujeru da makewayi mai ruwa. Dattijo mai ciwon gwiwa da ya shiga jirgi ta gada, bai hau matakala a tsakiyar rana ba, ya amfana, kuma mutunta matafiyi ba ƙaramin abu ba ne. Maganar ita ce gini yana amsa tambaya ɗaya ce daga cikin tambayoyin madugu. Ya ba da ruwa da inuwa. Bai ce komai ba game da inda hanya ta nufa.

A nan ne ake kawo hujja mafi ƙarfi: cewa kamfanin jirgi ɗan kasuwa ne, inda riba take nan yake sauka, don haka idan jirage sun yi ƙaranci a Kano to fasinja ne babu. Wannan hujja tana da nauyi, domin babu gwamnatin da za ta tilasta wa kamfani ya tashi da kujeru babu kowa. Amma ta manta abu biyu. Na farko, fasinjan Kano yana nan, sau da yawa a wani wuri ake ƙirga shi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai je Guangzhou ko Dubai, ko ɗalibi, ko marar lafiya, idan ya hau mota ko ƙaramin jirgi zuwa Abuja ya tashi daga can, a littafin Abuja sunansa zai fito, sannan a dawo a ce Kano ba ta da matafiya. Kuɗin masauki da na ƙarin tikiti da kwanan hanya duk a kansa suke, kuma a ƙarshe a kan farashin atamfa suke sauka. Na biyu, sararin sama ba kasuwar Kurmi ba ce da kowa zai baza kolinsa. Izinin sauka yarjejeniya ce tsakanin gwamnatoci, hukuma ce ke cewa wane kamfani zai sauka a wane gari. An ga haka ƙarara bayan annobar korona: an buɗe Legas da Abuja ga jiragen waje a watan Satumban 2020, Kano kuwa sai a 2021, bayan 'yan kasuwa da shugabannin jihar sun yi ta kiraye-kiraye. Watannin nan ba kasuwa ce ta yanke su ba. Kuma duk lokacin da aka buɗe ƙofa an ga masu shiga. Jiragen Masar da Habasha da Saudiyya sun daɗe suna ɗibar fasinja a Kano, Qatar Airways ma ya shigo a 2022. Dukkansu gabas suka fuskanta, inda ibadar Kanawa da fataucinsu suka fuskanta.

Akwai kuma abubuwan da ba sa fitowa a hoton bikin buɗe gini, alhali su matafiyi ya fi ji a jikinsa. Hazon hunturu na nan yadda yake a 1973, kuma a Disamba da Janairu na'urorin da ke jagorantar jirgi ya sauka cikin hazo, da kula da su a kai a kai, sun fi kowane ado amfani ga wanda aka ce wa jirginsa ya fasa tashi. Sanarwa da Hausa bayyananniya, da ma'aikacin da zai ce wa tsohuwa "Hajiya, kawo fasfonki, nan za ki bi" ba tare da tsawa ko miƙa hannu ba, aikin fatoma ne, kuma ba a ciwo bashi kafin a same shi. Sai batun kaya. Garin da ke da majemu da marina, da kasuwar hatsi irin ta Dawanau inda riɗi da zoɓo da citta ke taruwa, ga tumatir da albasa na Kadawa, ya cancanci sashen dakon kaya mai ɗakunan sanyi da sikeli da jami'an kwastan masu sallamar kaya a kan lokaci. Fatar Kano ta isa kasuwannin Turai a bayan raƙumi tun kafin a san jirgi, har ake kiranta fatar Maroko saboda ta can take ɓullowa. A yau mafi yawanta a bayan tirela take barin gari, ta yi kwanaki a hanyar Legas, bayan an loda ta a wuraren da ake jin ƙarar tashin jirgi daga filin Malam Aminu Kano.