Ellis Park: Filin da Muka Sani da Enyeama

Maƙalar wannan makon za ta kai mu Johannesburg ta Afirka ta Kudu.

Da yawa daga cikinmu muna yara lokacin da muka fara ganin filin Ellis Park, a gidajen kallo, ranar 12 ga Yuni 2010. Ajantina ta ci Najeriya ɗaya da nema, Heinze ya saka ta da ka tun farkon wasa, Enyeama kuma ya yi ta kaɗe ƙwallayen Messi har aka ba shi gwarzon wasan. Mun ɗauka filin ƙwallon ƙafa ne. Ashe aro aka yi. Asalinsa gidan zari-ruga ne, wasan nan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita.

An buɗe shi a 1928 a unguwar Doornfontein, aka sa masa sunan J.D. Ellis, kansilan da ya taimaka aka samu wurin. An rushe tsohon ginin a 1979, sabon ya fara aiki a 1982, yanzu yana ɗaukar mutum wajen 62,000. A zamanin wariyar launin fata, zari-ruga abin alfaharin fararen fata ne, musamman 'yan Afrikaner, kuma tambarin barewa da ke rigar 'yan wasan ƙasar, Springboks, tamkar hatimin gwamnati yake a idon baƙar fata. Saboda haka baƙaƙen da ke shiga kallo, a ɓangaren da aka ware musu, baƙi suke goya wa baya. Kowa ya zo, in dai zai doke Springboks, nasu ne.

Labarin da duniya ta haddace shi ne na 24 ga Yuni 1995, wasan ƙarshe na kofin duniya tsakanin Afirka ta Kudu da New Zealand. Jirgin sama ya ratsa ta saman filin ƙasa-ƙasa kafin a fara. Mandela ya fito sanye da koriyar riga mai lamba 6, irin ta kyaftin Francois Pienaar, taron da yawancinsa farare ne ya ɗauki kiran sunansa. Joel Stransky ya buga ƙwallon da ta raba gardama a ƙarin lokaci, aka tashi 15 da 12. Daga nan aka yi fim ɗin Invictus a 2009.

Ba mu musa girman wannan rana ba. Amma shekara uku kafin ta, ranar 15 ga Agusta 1992, a kan kujerun nan dai, an yi wata ranar da ba a cika ba da labarinta ba. Wasan farko ne na Springboks bayan an ɗage musu takunkumi, da New Zealand ɗin dai. Jam'iyyar ANC ta yarda a buga bisa sharaɗi: kada a ɗaga tsohuwar tuta, kada a rera tsohon taken ƙasa, kuma a yi shiru na minti ɗaya don waɗanda rikici ya cinye, ga kisan Boipatong bai wuce wata biyu ba. Da lokacin shirun ya yi, sai 'yan kallo suka ɓarke da rera tsohon taken, tutocin kuma suna kaɗawa. Wanda bai san 1992 ba, ba zai gane kasadar da Mandela ya yi da ya sa rigar nan ba, har a wurin mutanensa. Kuma a tawagar 1995 ɗin, Chester Williams kaɗai ne ba farar fata ba. Sai a 2018 baƙar fata ya jagoranci Springboks a matsayin kyaftin a wasan ƙasa da ƙasa, wato Siya Kolisi, a wannan fili, suka doke Ingila 42 da 39. Shekara 23 ke nan tsakani. Fim kuwa cikin awa biyu ya gama sulhun.

Mawaƙa ma sun ci kasuwarsu a nan. Whitney Houston ta yi wasa a Nuwamba 1994, watanni kaɗan bayan zaɓe, ƙungiyar Rolling Stones ta biyo baya a Fabrairu 1995. A da, manyan mawaƙan duniya da dama ƙaurace wa ƙasar suke yi, don haka sayen tikitin waƙa a Ellis Park a lokacin shaida ce cewa ƙofa ta buɗe.

Ranar da ta fi tsaya mana a rai ita ce 11 ga Afrilu 2001. Da dare ne, Kaizer Chiefs da Orlando Pirates, ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu da suka fi kowa magoya baya a ƙasar, kuma mafi yawansu baƙar fata ne. Fili ya cika maƙil, ga dubban mutane a waje suna neman shiga. Aka yi turereniya, na baya suka danne na gaba. Wasa bai tsaya nan take ba, an ci gaba da bugawa ana ɗaya da ɗaya, har sai da aka wuce rabin awa kafin a gane abin da ke faruwa. Mutum 43 suka rasu, har da yara. An jera gawawwaki a kan ciyawar da Stransky ya yi bugunsa. Kwamitin binciken da Mai Shari'a Bernard Ngoepe ya jagoranta ya ɗora laifin a kan rashin tsari, tun daga ƙiyasin yawan jama'a da sayar da tikiti har zuwa aikin masu tsaron ƙofa.

Mu da muka san yadda ake cunkuso a bakin ƙofa idan babban wasa ya zo garinmu, wannan bai yi mana kama da labarin nesa ba. Shekara tara bayan haka ne muka zauna a kan benci muna yi wa Enyeama tafi, ba wanda ya gaya mana abin da aka taɓa shimfiɗawa a ciyawar da yake faɗawa a kai.