Agwagin Zamfara da Tarihin Gubar Dalma

A farkon shekarar 2010 mazauna wasu ƙauyukan Zamfara suka lura agwaginsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya damu, domin mutuwar tsuntsayen gida ba baƙon abu ba ce a karkara. Ba a jima ba yara ƙanana suka shiga amai da jijjiga, wasu su suma, wasu su cika. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka ankara da yawan mace-macen, gwajin jini kuma ya tabbatar da cewa gubar dalma ce.

Asalin musibar zinariya ce. Da farashinta ya tashi a kasuwannin duniya, manoman ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka dukufa haƙarta. A Dareta da Abare da Bagega akan kawo duwatsun har cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi. Duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurarsu ta sauka a tsakar gida da kan abinci, mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kai shi. Yara fiye da 400 suka rasu. Ga kuma zaiba da ake kama zinariyar da ita, a ƙona, a shaƙi tururinta: guba biyu ke nan a gida ɗaya.

Irin wannan haɗuwa ce masana guba ke nazari a kan ɓerayen ɗakin gwaji. Sukan ba su ƙwayoyin tsatsar ƙarafa daban-daban, waɗanda suka fi ƙurar Zamfara ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sannan su duba hanta da ƙoda da jini. Darasin da ake samu shi ne, laushin ƙwaya yana sauƙaƙa mata ratsa jiki, illar guba biyu a haɗe kuwa ba lallai ta yi daidai da jimillar illolinsu a rarrabe ba.

An kankare gurɓatacciyar ƙasar ƙauyukan, aka zuba sabuwa, amma Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. A 2015 cutar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ɓeran ɗakin gwaji yana da mai rubuta abin da ya same shi. Agwagin Zamfara sun yi nasu gargaɗin, ba a fahimce shi ba sai bayan an binne yara.