Tarihin Auna Ingancin Makarantun Sakandare: Abin Lura ga Lafiya

1.0 Gabatarwa

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, Lafiya ta zama mazaunin ma'aikatar da ke tara alƙaluman makarantun jihar. A wannan muƙala za mu bi sawun ma'aunin da ta gada, domin da shi ake yabon malami ko a zarge shi.

2.0 Asalin Ma'aunin

A shekarar 1862 Ingila ta ɗaura tallafin makarantu a kan sakamakon jarrabawa, sai malamai suka karkata ga hadda. Dokar ilimi ta Lugga ta 1916 ta faɗaɗa ma'aunin a Nijeriya: kashi 40 cikin ɗari ga jarrabawa da ci gaban ɗalibai, 30 ga tarbiyya da tsari, 20 ga malamai, 10 ga gine-gine da kayan aiki. Bayan kafa hukumar WAEC a 1952, da NECO a 1999, hankali ya koma kan adadi guda: ɗalibai nawa suka sami kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi.

3.0 Shigowar Ƙididdiga

Rahoton Coleman na 1966 a Amurka ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito yana da tasiri ƙwarai a kan sakamakonsa. A 1978 kuma Charnes da Cooper da Rhodes suka fito da hanyar lissafi mai gwada abin da makaranta ta samu, wato malamai da kuɗi da azuzuwa, da abin da ta fitar. Makaranta mai inganci ita ce wadda babu wata da ta fi ta sakamako da irin kayan da ke hannunta.

4.0 Darasi ga Lafiya

A aji guda a Lafiya akan tarar da ɗan Eggon da Alago da Gwandara da Migili tare da wanda Hausa ce harshen gidansu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba Hausa gurbi a matsayin ɗaya daga manyan harsuna uku, amma jarrabawar ƙarshe ba ta nuna matakin da kowane ɗalibi ya fara. Idan muka jera makarantu bisa kiredit kawai, za mu yabi wadda ta tace ɗalibanta tun wajen ɗauka, mu tauye malamin ƙauye da ya ɗauko yaro daga rashin iya karatu ya kai shi ga rubuta insha'i.

5.0 Kammalawa

Muna ba da shawarar a riƙa gwada ɗalibai a farkon aji ɗaya, a rubuta harshen gida da yawan 'yan aji da waɗanda suka daina zuwa, sannan a kwatanta da sakamakon aji shida. Tazarar da ke tsakani ita ce aikin makaranta.